A Bar Ɗalibai Su Rubuta Waƙa, Su Kuma Gyara Ta Juna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana malaman Hausa a kan yadda muke koyar da rubutacciyar waƙa.

Na daɗe ina koyarwa a wata sakandare a cikin birnin Kano, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ɗalibi zai haddace ma'anar baiti da ɗango (layi ɗaya na baiti), ya bambance 'yar ƙwar biyu da 'yar ƙwar biyar (waƙa mai ɗango biyu da mai ɗango biyar a kowane baiti), ya ci jarrabawar WAEC ko NECO, amma ya bar makaranta bai taɓa tsara baiti ɗaya na kansa ba. Mun mayar da waƙa abin feɗewa kawai, alhali magabata irin su Mudi Sipikin, da ya jagoranci ƙungiyar Hikima a garin nan, a tsakanin 'yan'uwansu mawaƙa suke rera abin da suka rubuta.

A zangon da ya wuce na gwada wata hanya. Na sa kowa ya rubuto baiti biyar a kan abin da yake gani a unguwarsu, sannan na raba su huɗu-huɗu, kowa ya miƙa littafinsa ga na kusa da shi. Sharaɗin shi ne, mai duba waƙar ya rera ta da babbar murya, ya fara faɗin ɗangon da ya fi burge shi kafin ya nuna inda kari, wato ma'aunin sautin waƙar, ya karye, kuma ba zai soke ko kalma ɗaya ba, domin hukuncin ƙarshe na mai waƙa ne.

Wata yarinya ta rubuta waƙa a kan 'yan garuwa. Ƙawarta tana rerawa tana ƙwanƙwasa tebur da biro, sai ta yi tuntuɓe a ɗango na uku, ta sake komawa, ta sake tuntuɓe. Ta ce, "Nan akwai abin da ya yi yawa." Suka yi ta lalube har suka cire "dukiya" suka sa "kuɗi", ɗangon ya zauna daram. Na shafe makonni ina bayanin gaɓa mai nauyi da mara nauyi a allo, amma sai ranar na ga sun ji abin da kunnensu.

Ba na musun cewa akwai wahala. Aji a cike yake, hayaniya takan yi yawa, wasu kuma kunya ko gudun ɓacin rai kan hana su faɗa wa aboki gaskiya, sai malami ya yi ta zagayawa yana ƙarfafa musu gwiwa. Duk da haka ina roƙon shugabannin makarantu su ware darasi ɗaya cikin kowane mako biyu domin wannan aiki, a kuma ba ɗalibai dama su rera waƙoƙin da suka gyara a taron safiya.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin Hausa,
Gwale, Kano.