Takardar Koke Kan Gadar Adomi

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Akwamu, Fadar Akwamufie,
ta hannun Sarkin Zango.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, mu jama'ar zango mazauna Atimpoku da kewaye, fatake da direbobi da mata masu sana'a a bakin gada, mun kawo kukanmu gabanka a kan gadar Adomi, wadda ta haye kogin Bolta a nan Gana. Muna tsoron kada lodin da ya fi ƙarfinta ya sake lalata ta, mu koma layin fito.

Kai ne mai ƙasa, ka fi mu sanin tarihinta. Kafin a yi ta, duk wanda zai haye kogin Bolta da kaya sai ya jira jirgin fito a Senchi. A 1955 aka fara aikin, kamfanin Dorman Long na Ingila ya haɗa ƙarafunan, Kwame Nkrumah kuma ya buɗe ta a watan Janairun 1957, saura 'yan makonni Gana ta sami 'yancin kai. Ba ta da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar ruwa. Baka ne na ƙarfe ya tsallaka daga wannan gaɓa zuwa waccan, tazarar mita 245, daɓen da motoci ke bi kuma yana rataye a jikinsa da igiyoyin ƙarfe. Don haka duk buhun da aka ƙara wa mota, waɗannan igiyoyi da sandunan da ke ƙarƙashin daɓen ne ke ɗaukar nauyinsa. Wanda ya taɓa tsayawa a hanyar masu ƙafa lokacin da tirela ke wucewa ya san yadda gadar ke rawa a tafin ƙafarsa. An yi ta ne a zamanin da babbar mota ba ta kai irin tirelolin yau ba, amma har gobe ita ce ƙofar fita daga Tema da Ankara zuwa Ho da Hohoe, har can Yandi da arewacin ƙasar. Hotonta ne ma a jikin kwabon pesewa ɗaya.

A 2008 aka gano tsagewa a sandunan da ke riƙe da daɓen, aka taƙaita nauyin motocin da za su hau. Faci bai wadatar ba. A watan Maris na 2014 aka rufe ta gaba ɗaya don babban gyara da tallafin ƙasar Ostiriya, ba a sake buɗe ta ba sai Disambar 2015.

Allah ya ja zamaninka, waɗannan watanni ba za mu manta da su ba. Aka koma Senchi kamar zamanin kakanni. Direba zai iso bakin ruwa da la'asar, ya yi magariba da isha a gefen motarsa, wani lokaci asuba ta riske shi bai hau jirgi ba. Doya tana jure jira, tumatir kuwa ba ya yi: mun ga kwanduna suna tsiyayar ruwa ta ƙasan mota, mai kaya yana tsaye ya rasa ta cewa. Shanu sun galabaita a cikin mota saboda rana da ƙishirwa. Wanda ya ƙi jira sai ya zagaya ta gadar Sogakope, kuɗin man ya cinye ribar. Matan da ke tallar abolo (wainar masara) da soyayyun ƙananan kifi da jatan lande a tagar motoci, ranar da gada ta rufe kasuwarsu ta watse. Wasu sun bi motocin zuwa Senchi da tire a ka, wasu sun zauna gida jari ya narke. Mai naƙuda ko mara lafiya kuwa, sai dai a roƙi a ba shi hanya a layi.

Ba za mu ɓoye maka ba, cikin masu yin lodin da ya wuce kima akwai namu. Mai kaya yana son sawu ɗaya ya ɗauke na sawu biyu, direba yana tsoron in ya ƙi a ba wani, sai a ɗora gawayi ko siminti har mota ta karkace, a jira dare a haye. Mun zauna da shugabannin direbobi da 'yan kamasho, limamanmu kuma sun yarda su yi magana a kai ranar Juma'a. Amma wa'azi kaɗai ba ya sauke buhu daga mota.

Shi ya sa muke roƙon ka kai maganarmu ga majalisar gundumar Asuogyaman da hukumar manyan hanyoyi ta ƙasa, don muryarka ta fi tamu isa can. Babbar buƙatarmu ita ce sikelin auna motoci da zai yi aiki dare da rana a ɓangarorin biyu, kafin mota ta taka gada, wanda ya wuce ƙa'ida kuma a sa shi ya rage kaya a nan take, ko motar wane ce. Muna kuma roƙon injiniyoyi su riƙa duba igiyoyi da kusoshi da mahaɗar daɓe a kan lokaci sananne, a kankare tsatsa a shafa fenti tun ba ta ci ƙarfe ba, domin gada ce da ke zaune cikin raɓar kogi shekara da shekaru. In kuma gyara ya tilasta a rufe ta, ko na kwana biyu ne, a sanar da fada da tashoshin mota da wuri, a kuma tabbatar mashigin Senchi yana nan a shirye.

Idan fada ta kira zama a kan wannan magana, za mu zo da direbobinmu da matan bakin gada su faɗa da bakinsu. Samarinmu kuma a shirye suke su yi aikin gayya na share magudanun ruwa da ciyawar bakin gada, duk ranar da aka ba mu izini.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasar Akwamu lafiya.

Mu ne masu biyayya,
Dattawan zango, a madadin fatake, direbobi da mata masu sana'a a bakin gadar Adomi.