Rahoton Ayyukan Shekara: Tace Bayanan Ma'aunin Tsayin Ruwan Teku

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Kamar yadda babban taro ya amince, bana mun mai da hankali kan tashar awon teku ta Takoradi a Ghana, wadda rubutattun bayananta suka faro tun 1929, abin da ya sa take cikin mafi daɗewa a gaɓar Afirka ta Yamma. Mun ɗauko matsakaicin kowane wata daga PSMSL, ma'ajiyar bayanan tsayin teku na duniya da ke Libaful a Ingila, wadda aka kafa a 1933, muka haɗa da awon sa'a-sa'a da muka samu.

Hanyar aikin ba ta sauya ba. Mukan lissafa cika da janyewar teku da ake sa rai, wanda jan wata ke maimaitawa kusan duk sa'a 12 da minti 25, mu cire shi daga abin da na'ura ta auna, sannan mu zura wa ragowar ido. Lambar da ta yi tsalle ita kaɗai ba ta ɓuya. Agogon da ya yi latti shi ma yakan tona kansa, domin ragowar sai ta riƙa hawa da sauka a jere. Sabbin membobi sun ƙware a waɗannan cikin sauri, Allah ya ƙara basira.

Inda muka sha wuya shi ne gocewar mafarin awo. Kowace tasha tana da alamar ƙarfe da aka kafa a ƙasa mai ƙarfi, wadda ake danganta duk awo da ita. In an sauya na'ura, ko gadar tashar jirgi ta ɗan nutse, ba a sake safiyo ba, lambobin za su ci gaba da fitowa tsaf, amma duka sun goce da 'yan santimita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: tekun duniya ya tashi da kusan santimita 20 ne kacal tsakanin 1901 da 2018. Kuskuren santimita 3 yana iya jirkita hukuncin shekaru masu yawa, kuma da irin wannan hukunci ake tsara katangar kare garuruwa irin su Keta a Ghana, inda teku ya riga ya ci gidaje.

Saboda haka kwamiti ya tsaya kan ƙa'ida ɗaya: ba a goge lamba. Wadda ake shakka a sa mata alama, a rubuta dalili, a gwada ta da tasha mafi kusa kamar Tema. Wata lambar da ke kama da kuskure hadari ne na gaske ya tunkuɗo ruwa. Wasu sun ce hakan na jan lokaci. Gaskiya ne, amma ni ina tare da kwamiti.

Ta fuskar kuɗi, ma'aji zai karanta nasa rahoton. Abin da ya rage mana baɗi shi ne tattara tarihin safiyon alamomin, don haka muna roƙon membobinmu masu aikin safiyo su ba da sunayensu ga sakatare kafin a tashi taro.

Wassalam.