A Samar wa Masu Zane da Dukawan Sakkwato Zauren Tattaunawa

Malam Edita,

Ina neman ɗan fili domin in ja hankalin masu kula da kayan tarihi da nune-nunen fasaha a Sakkwato game da rashin zauren da dukawa da sauran masu sana'ar gargajiya za su riƙa zama suna hira da masu zane-zanen zamani.

A 1958, wasu ɗaliban zane a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka fara haɗuwa suna muhawara kan yadda za su auna fasahar gargajiya da dabarun da Turawa suka koya musu, kuma daga wannan zaman ne fasahar zanen Najeriya ta ɗauki sabuwar fuska. Mu a nan muna da majema da dukawa masu sarrafa fatar jar akuya, wadda sunanta ya kai har Turai, muna da masu zayyana da marubuta allo, amma matashin mai zane bai san inda zai zauna da su ba, abin da ke damuna ƙwarai.

Ina roƙon Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ta keɓe yammacin rana ɗaya a kowane wata domin wannan zama, ba tare da jawabin manyan baƙi ba.

Naka mai karatu,
Daga Sakkwato.