Ku leƙo Babungo, akwai labari bayan ƙarar bindiga

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina tafe da ƙorafi da kuma roƙo. Ni Bahaushe ne mazaunin Ndop, a yankin Arewa maso Yammacin Kamaru, sana'ata sayen shinkafa a hannun manoma. Tun da rikicin yankin masu magana da Ingilishi ya taso a ƙarshen 2016, ba ma jin sunan ƙasarmu a tasharku sai an yi harbi ko an sace wani. Ban ce ƙarya kuke faɗa ba. Amma mai sauraro a Kano ko Damagaram zai ɗauka babu kowa a nan sai soja da 'yan aware, alhali akwai mutanen da suka cancanci a ba su shiri guda sukutum. Cikinsu har da maƙwabtanmu, mutanen Babungo.

Babungo ɗaya ce daga garuruwa 13 na gundumar Ngo-Ketunjia. In ka baro Bamenda, ka gangaro tudun Sabga inda Fulani suke, ka wuce Ndop kan hanyar Kumbo, za ka iske ta kafin Babessi. Su da kansu Vengo suke kiran kansu da harshensu. Yau manoma ne, masara da wake da gyaɗa da shinkafar fadama, kuma yawancin aikin gonar abinci a wuyan mata yake. Tuwon masara da ganyen njama-njama shi ne cimarsu, bammin tukurwa kuwa ba a taro babu shi.

Abin da ya fito da sunansu a da shi ne ƙarfe. A ƙarni na 19 Babungo na cikin manyan wuraren narka tama a wannan sashe na Afirka. Fartanya, adda, mashi, da ƙararrawar nan mai baki biyu irin kugen fadar sarakunanmu, duk daga maƙerunsu ake ɗauka a kai kasuwannin nesa. Wani Bajamushe mai yawon binciken ƙasa, Zintgraff, ya biyo ta garin a 1889, lokacin ana tsakiyar wannan sana'a. Shigowar ƙarfen Turawa ce ta kashe narka tama, sai dai tarin kashin ƙarfen yana nan jibge a bayan gari, ciyawa ta rufe shi, kuma har yanzu akwai maƙera. Fadar sarkinsu, wanda suke kira Fon, cike take da sassaƙe-sassaƙen katako. Marigayi Fon Zofoa na Biyu da hannunsa yake sassaƙa, abin da ba kasafai ake ji a kan sarki ba. A farkon shekarun 2000 wata ƙungiyar Italiya mai suna COE ta taimaka aka tsara gidan tarihi a fadar, kamar yadda ta yi a wasu masarautun Kamaru, wato Mankon da Bandjoun da Baham.

To, inda na fi so ku kai makirfo shi ne cocinsu. Ni Musulmi ne, ba wa'azin addinin kowa na zo yi ba, abin da idona ya gani nake faɗa. Galibin mutanen Babungo Kirista ne: Firesbiteriyan, Katolika, Baptis, ga kuma sababbin majami'u masu lasifika da suka yawaita daga baya. Mishan ɗin Basel ta Turawa da ta kawo wannan addini tsaunukan nan ta fara zama ne a garin Bali a 1903, ta ɗauki harshen Bali, wato Mungaka, ta mai da shi harshen coci da makaranta. Ka ga ke nan tsohuwar Babungo tana addu'a da harshen wani gari, ko kuma da Turancin buroka. Haka aka daɗe ana yi, sai da aka zauna aka tsara wa harshensu haruffa, aka yi shekaru ana fassara, Sabon Alkawari ya fito da harshen Vengo a 1993.

Ranar wata Lahadi na je karɓar buhuna a gidan wani manomi, aka ce yana coci, na zauna a inuwa daga waje ina jira. Wata dattijuwa ce ke karatu, littafin a kusa da hancinta, tana bin layi da yatsa. Rubutun nasu akwai 'yan alamomi a kan wasula, domin harshe ne da in ka ɗaga murya ko ka sauke ta ma'ana ta canza. Da ta yi tuntuɓe a wata kalma sai na ji mata sun gyara mata daga cikin taro, aka yi dariya, ta ci gaba. Daga nan aka ɗauki waƙa da ganga da caki, ana rausaya, ana kai baiko gaba: masara, ayaba, har da kaza. Abin ya tsaya mini a rai, don na san a unguwanninmu na Hausawa a nan, yara da yawa buroka ta fi zama a bakinsu, wanda zai karanta maka wasiƙar Hausa ba gargada kuwa sai an tona. Mu da muke da littattafai da jaridu da rediyo tun tuni, ga ƙaramin gari ya riƙe nasa harshen ta hanyar ibada.

Kada a ɗauka komai lami lafiya yake tsakanin coci da al'ada. Fada na nan da ƙarfinta, ƙungiyar asiri ta fada da ake kira Ngumba ita ma tana nan, mace da baƙo ba sa leƙa ta. Fon yana da mata da yawa, coci kuwa mace ɗaya ta sani. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne bikin mutuwa. A nan ba a gama da mamaci ranar binnewa. Daga baya dangi za su tara kuɗi, a dawo daga Duwala da Yawunde, a yi gagarumin taro, dodanni su fito sanye da fuskokin katako suna rawa. Tsofaffin majami'u sun sami hanyar zama da wannan: a yi addu'a da safe, a buɗe fili da rana. Wasu daga cikin sababbin fastoci kuwa sun ce sam, duk wanda ya taka rawa da dodo ya koma ga gumaka. Na san gidan da wa da ƙane suka daina ga-maciji a kan haka. A ganina, masu haƙurin sun fi fahimtar mutanensu, amma wannan magana ce da ya kamata a ji daga bakinsu, ba daga nawa ba.

Ko lissafin kwanaki ma abin ji ne. Makonsu na gargajiya kwana 8 ne, a ciki akwai ranar da ba a taɓa fartanya. Ga Lahadi ta coci. Tun 2017 kuma ga Litinin ta zaman gida dole da 'yan aware suka ƙaƙaba. Sai ka lissafa kwana nawa ya rage wa mace ta yi noman da za ta ciyar da gida, ta biya kuɗin makaranta, in makarantar ma a buɗe take. Wannan shi ne rikicin kamar yadda talaka ke ɗanɗanarsa, kuma ban taɓa jin an faɗe shi a labaranku ba.

Roƙona, ku turo wakili, ko ku nemi wani daga cikinmu ya haɗa ku da su ta waya in hanya ba ta yi kyau ba. In zai zo, kada ya kama hanya ranar Litinin. Ya fara kai gaisuwa fada, kada ya miƙa wa Fon hannu, kada kuma ya ɗauki hoton komai sai ya tambaya. Ya zauna da fasto da maƙeri, ya kuma ba matan da ke karatu a coci lokaci mai tsawo. Tafinta ba zai yi wuya ba, akwai Hausawa a Ndop da ke jin buroka kamar Hausa.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Ndop, Kamaru