Zuwa ga Abba, kan wannan yaron bos da kake fitowa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mu ma nan ƙalau muke, sai ƙafar Ummanka da ta motsa saboda sanyin bana.

Abba, tun ranar da ka saɓi jakarka ka nufi Kano ban ce maka uffan ba kan wannan sana'a. Ka san abin da ya shiga tsakanina da Malam ina shekarunka, ban so in maimaita maka shi, shi ya sa na kame bakina. Amma shekaranjiya ina fitowa daga sallar la'asar, wasu yara biyu a bayana, ɗaya ya zunguri ɗaya ya ce, "Ga baban yaron bos nan." Da daddare na sa ƙanwarka ta nuna min a waya. Fim na uku ke nan a jere kana riƙe da gora, ido jajur, kana bin bayan wani ƙato, ƙarshe a kashe ka ko a jefa ka gidan yari.

Shekara 11 na yi a ɗakin injin silima ina haska wa mutane fim, don haka kar ka ɗauka tsoho ne da bai san komai ba yake surutu. A cikin finafinan Amurka na da akwai wani ɗan tsurut mai ido ƙwala-ƙwala, sunansa Elisha Cook. An haife shi a San Faransisko a 1903, ya tashi a Shikago, ya fara da wasan dandali tun yana saurayi. Gwani ne, har babban marubucin wasan kwaikwayon nan Eugene O'Neill ya sa shi a wasansa a 1933. To a 1941 sai aka ba shi yaron bos a The Maltese Falcon, ɗan bindiga mai cika baki wanda Humphrey Bogart ya ƙwace wa bindigogi ya wulaƙanta shi, ƙarshe ubangidansa ya yarda a ɗora masa laifin kisa. Ya yi shi da kyau, kuma kyan nan ne ya ɗaure shi. A 1946, cikin The Big Sleep, guba aka ɗura masa. A 1953, cikin Shane, manomi ya fito, amma Jack Palance ya harbe shi a tsakar titi, aka fizge shi da waya ta baya ya faɗa cikin taɓo. A 1956 Stanley Kubrick ya ɗauko shi a The Killing, mijin da matarsa ke ha'inta, nan ma bai kai ƙarshe da rai ba. Da 'yan kallo sun hango fuskarsa sun san ajalinsa na kusa. Gashinsa ya yi furfura, daraktoci ba su daina kiransa don a zage shi, a mare shi, a kashe shi ba.

Ba zan zalunce shi ba, ya ci abinci da wannan fuska fiye da shekara 50, har cikin shekarun 1980 yana fitowa a Magnum na talabijin, kuma sai 1995 ya rasu yana da shekara 91. Amma ka lura da inda ya zauna. Can ya tare wajen garin Bishop, gindin duwatsun Kalifoniya, tafiyar sa'o'i daga Hollywood, yana kamun kifinsa. In aiki ya taso ya sauko ya yi, ya koma. Kai fa, ina za ka koma? Nan unguwar da kowa ya san kakanka?

Mutanenmu ba sa raba mutum da rigar da ya sa a fim. Na sha ganin 'yan kallo suna jifan majigi da takalmi don haushin bos. Abin da ke hana ni barci ke nan. Kawun yarinyar nan da kake nema ya tare ni a kasuwa ranar Talata, bayan doguwar gaisuwa ya tambaye ni ko da gaske kana shaye-shaye. Ni, Abba, da furfurata, na tsaya ina rantse-rantse a gaban mai tumatir! Gobe in ka haifi ɗa, me za a riƙa kiransa a makarantar allo? Kuma ka dubi idon Ummanka ka ce mata aikin tace hoto kake yi a bayan kyamara. Ƙaryar nan ta fi gorar yi min ciwo. Ban tarbiyyantar da kai a kan haka ba, kuma ba don ka zama abin nuni a layi na sayar da filin nan ba.

Na kalli wurin da aka kama ka a fim na biyu har sau huɗu. Yadda leɓenka ke rawa kafin ka yi magana, wallahi sai da gabana ya faɗi, duk da na san wasa ne. Allah ya ba ka abin, wannan ba na musu. Shi ya sa nake tsoro, don wanda ya iya ne ake riƙewa a wuri ɗaya.

Ban ce ka bari ba. Ka je wurin daraktanka cikin ladabi ka roƙi ya gwada ka a wani matsayi, ko malamin makaranta ne, ko direba, ko yayan amarya, ko da kuɗin bai kai ba. In an sake kawo maka gora, ka ce a ba ka lokaci. Sannan ka kira Ummanka da bakinka ka faɗa mata gaskiya kafin ta ji a gidan biki.

Ka zo da ƙaramar Sallah mu je gidan su yarinyar tare, ka sa farar shaddar nan, su gan ka da idonsu. Ƙanwarka ta ce ka taho mata da alkakin da ka yi alkawari. Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Mahaifinka.