Wasiƙa zuwa Fatakwal kan aloberar da ta langaɓe

Birnin Kebbi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan sai godiya. Damina ta kankama, fadama duk ta yi kore shar da shinkafa.

Na ga hoton aloberar da ka turo, na kuma ji ka ce kullum safe da yamma kana ba ta ruwa amma sai ƙara langaɓewa take yi. Don Allah mutumina, ajiye butar nan. Ba ƙishirwa ke damunta ba, saiwarta ce ta ruɓe. Ita saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. In ƙasar tukunya ta daɗe a jiƙe, iskar da ke cikinta ta ƙare, saiwar ta shaƙe, sai fumfunar da ke cikin ƙasa ta samu ƙofa. Saiwar da ta mutu kuwa ba ta jan ruwa, shi ya sa ganye ke yaushi, mai shuka ya ga haka ya ƙara tuttula mata. Ganyen da ƙishirwa ta kama yakan tsuke ya yi siriri. Naka na ƙasa sun yi ɗorawa, sun yi taushi luguf, gindin ya fara baƙi.

Yau ɗin nan ka kife tukunyar ka zaro ta, ka kakkaɓe ƙasar. Saiwa mai rai za ka ji ta da ƙwari. Wadda ta yi baƙi, tana wari, ɓawonta na saɓulewa in ka ja, ta gama. Ka samu sabuwar reza, ka goge ta da sifirit, ka yanke duk ruɓaɓɓen har sai ka kai wurin da ba ɗigon baƙi ko ɗaya. Kada tausayi ya sa ka bar ɗan guntu, daga nan zai sake ci. Ka barbaɗa garin gawayi a wurin yankan, ka ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, kwana 4 zuwa mako guda, har bakin ya bushe. Da danshin garinku ma mako gudan ya fi. Ba abin da zai same ta, guzurin ruwanta na cikin ganye.

Tsohuwar ƙasar nan kuma ka zubar. Daga gani irin baƙar ƙasar nan ce mai riƙe ruwa, wadda shinkafa za ta so. Ka haɗa yashin gini mai tsakuwa kashi 2, ƙasa kashi 1, ka ɗan zuba dakakken gawayi. Ni nan nakan ƙara ƙonannen ɓuntun shinkafa, tun da ba ma rasa shi. Bokitin fentin nan marar huji da ka mayar tukunyarta shi ne rabin matsalar. Ka nemi tukunyar ƙasa, ba mai girma ainun ba, a huda gindinta. Bayan ka dasa, ka yi mako ba ka ba ta ruwa ba. Daga nan sai ka riƙa tura yatsa cikin ƙasar: in ka ji sanyi ka ƙyale ta, in ta bushe ƙamas ka shayar da ita sosai har ruwan ya zubo ta ƙasa.

Ka tuna aguwar da ake shinge da ita a gonakinmu, tun daga kaka har bazara wa ke ba ta ruwa? Kai ko kana garin da sama ba ta hutawa. Ka janye tukunyar zuwa baranda, inda haske ke isa amma ruwan sama ba ya duka.

In ka tarar ruɓar ta kai tsakiyar da sabon ganye ke fitowa, to sai haƙuri, uwar ba za ta tashi ba, kuma ganyen alobera ba ya yin saiwa in an dasa shi shi kaɗai. Amma na hango 'ya'ya biyu a gefenta cikin hoton, ka ɓalle su da saiwarsu ka dasa daban.

Ka turo mini hoton saiwar kafin ka yanka. Inna na gaishe ka, ta ce yaushe za ka leƙo gida. A shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka amini.