Zuwa Ga Aminina, Kan Tsofaffin Jiragen Soja Masu Saukar Ungulu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Saƙonka ya iso ni, na kuma ga tambayar da ka liƙa a ƙarshensa bayan ka ga hoton jirgin da muke gyarawa: wai da hankalinmu muke barin ɗan Adam ya hau jirgin da ya girme mu duka? Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Jirgin nan Bell UH-1 ne, wanda kowa ya sani da Huey. Na farkonsa ya tashi a watan Oktoban 1956, kuma an ƙera sama da 16,000. Kimanin 7,000 daga ciki sun yi yaƙin Biyetnam, suna kai sojoji fagen daga, suna kwaso waɗanda aka jikkata. Inji ɗaya gare shi, Lycoming T53, da babbar farfela mai reshe biyu, wadda kake jiyo bugunta tun kafin ka hango jirgin. Sojan ƙasa na Amurka sun sallame shi a ƙarshen 2016, na Jamus kuma a 2021. Sai dai tun kafin nan da yawansu sun tuɓe kakin soja sun kama wata sana'a.

Babbar sana'ar ita ce kashe wutar daji. Hukumar kashe gobara ta jihar Kalifoniya, CAL FIRE, ta shekara da shekaru tana aiki da Huey ɗin da soja suka ajiye. Jirgin zai sauke ma'aikata kusa da wutar, sannan ya koma ɗibar ruwa, sama da lita 1,200 a tashi ɗaya. Gugan da aka fi amfani da shi, Bambi Bucket, wani mutumin Kanada mai suna Don Arney ne ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1980. Ana naɗe shi a jefa cikin jirgi, in an isa a rataya shi a ƙugiyar da ke ƙarƙashi. Duk inda ruwa ya kwanta, tafki ne ko kogi, nan matuƙi zai tsoma shi ya cika, ya je kan wutar ya danna maɓalli gindin gugan ya buɗe.

Da za ka ga matuƙi yana aikin doguwar igiya, da ka daina kiran jirgin nan gwangwani. Igiyar takan kai mita 30 ko fi. Mutumin ba gaba yake kallo ba; ya leƙo da kansa ta tagar da aka yi wa tulluwa, idonsa na ƙasa kan kayan da ke reto, hannayensa biyu da ƙafafunsa biyu duk suna aiki, har ya dire turken lantarki cikin raminsa a kan dutsen da mota ba za ta taɓa hawa ba. Ni har yau in na ga haka sai tsigar jikina ta tashi. Abin da aka ƙera don yaƙi, yau shi ne ke tare wuta kada ta cinye gidajen mutane.

Ba Huey kaɗai ba ne. Akwai Sikorsky S-58, wanda ya fara tashi a 1954, aka sauya wa wasunsa inji suka riƙa ɗora manyan na'urorin sanyaya ɗaki a kan dogayen benaye. Akwai S-64, ɗan'uwan CH-54 na soja, mai siffar ƙwarangwal: irinsa ne ya ɗora ƙololuwar hasumiyar CN a Toronto a 1975, kuma tun da kamfanin Erickson ya sayi haƙƙin ƙera shi a 1992 yake zuba wa gobara kusan lita 10,000 a lokaci guda. Ga kuma Mi-8 na Tarayyar Sobiyet, da ya fara tashi a 1961, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ke hayarsa don kai agaji wuraren da hanya ta yanke, kamar Sudan ta Kudu. Dalilin riƙe su ba ɓoyayye ba ne: sabon jirgi miliyoyin daloli ne, waɗannan kuwa da yawansu gwanjo aka saye su, ƙirarsu ba ta da sarƙaƙiya, kuma makanikan da suka san cikinsu suna nan. Da tsohuwar zuma ake magani.

To ga abin da nake so ka gane. A wannan sana'a ba a ƙirga tsufan jirgi da shekara, da awa ake ƙirgawa, kuma kowane muhimmin ƙarfe da nasa lissafin. Reshen farfela, sandar da ke juya ta, akwatin giya, kowanne yana da lamba da kati, an rubuta awannin da ya yi a sama da waɗanda suka rage masa. Ranar da adadin ya cika za a kwance shi, ko da yana ƙyalli. In na ƙarewa ne gaba ɗaya, a sa zarto a yanka shi, don kada wani marar tsoron Allah ya fente shi ya sake sayarwa. Saboda haka jirgin da ka gani, gangar jikin ce ta tsufa. Mafi yawan abin da ke juyawa a cikinsa an sauya shi ba sau ɗaya ba.

Da safe kafin a tashi, nakan hau kan jirgin da tocila da ɗan madubi mai dogon hannu ina leƙa lungu-lungu. Reshen farfela kuwa, ƙwanƙwasa shi muke yi da ɗan ƙarfe, taku-taku, muna saurare. Inda yake lafiya sautin tas yake fita. Inda fatar ta fara rabuwa da cikin sai ka ji ya dusashe, nan za ka zagaye da alli ka kira babban makaniki. Kwanakin baya wani dillali ya kawo mana kayan gyara da araha, ƙarfen lafiya lau a ido, amma takardunsa sun yi tsalle, akwai shekarun da ba a san inda ya zauna ba. Maigidanmu ko tayawa bai yi ba. Jirgin ya yi zaman jiran na gaskiya, aiki ya wuce mu, kuma ban taɓa ganin girman mutumin kamar ranar ba.

Kada ka ɗauka ina cewa babu haɗari. Inda hankalina ya fi tashi shi ne sauyin aiki. Injiniyoyin da suka yanka wa waɗannan ƙarafa awanni, jigilar soja suka sa a gaba: a tashi, a yi tafiya, a sauka. Aikin fitar da gungumen itace daga daji kuwa ɗauka ne da direwa duk bayan 'yan mintoci, kowace ɗauka inji na ba da iyakar ƙarfinsa, tun safe har yamma. Awa ɗaya a nan ta fi awa ɗaya a can cin ƙarfe nesa ba kusa ba. An samu tsagewa a ƙashin wutsiyar Huey, an yi asarar rayuka, har hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta wajabta binciken wurin akai-akai. Yanzu ga wasu sassan har yawan ɗaukar kaya ake ƙirgawa, ba awa kaɗai ba. Ka haɗa da cewa inji ɗaya ne, kuma aikin ƙasa-ƙasa ake yinsa a hankali da nauyi a rataye, inda in inji ya mutu damar kuɓuta kaɗan ce.

Shi ya sa dokar Amurka ta taƙaita su. Tsohon jirgin soja irin wannan lasisin ayyuka na musamman ake ba shi, kamar gobara, feshin gona da ɗaukar kaya a igiya. Ba a yarda ya ɗauki fasinja don kuɗi ba. Wasu masu jirage suna ƙorafi, ni kuwa ina ganin daidai ne: matuƙi da ma'aikacin gobara sun san abin da suka hau, fasinja bai sani ba.

Zamanin Huey ma ya fara ja baya. CAL FIRE ta maye gurbinsa da Firehawk, jirgi mai inji biyu da tankin kusan lita 3,800, wanda ke iya aiki da dare. Tsofaffin jiragen Black Hawk da Chinook da soja suka sayar su ma sun shigo kasuwar farar hula, har an fara tura mu koyon gyaransu. In na gama zan ba ka labarin yadda suke.

Ka gaishe mini da su Baba da mai ɗakinka, ka shafa mini kan yara. Ina jiran amsarka. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka amini.